Rangwamen Miji

Wata shida na farko da na yi ina aiki a Kuala Lumpur, hukumar haraji ba ta damu ta san ko ina da miji ko ba ni da shi ba. Baƙuwa ce ni a wurinsu, shi kuwa baƙo kusan kashi ɗaya cikin uku na albashinsa suke zaftarewa tun kafin ya sa shi a ido. Na yi mita har na gaji na haƙura. Sai wata ranar Litinin Kak Zaiton, wato Yaya Zaiton da yarensu na Malay, matar da ke kula da albashinmu a kwalejin da nake koyar da haɗa magunguna, ta leƙo ofishina tana fara'a.

"Dokta Sharifa, kin zama 'yar gida lah," in ji ta, da "lah" ɗin nan da suke liƙawa a ƙarshen magana. "Daga wannan watan za a rage miki yanka. Amma sai kin gaya mini rukunin da zan sa ki."

Ni mace ce mai son sanin yadda abu yake tafiya. Tun ina yarinya nake kwance rediyon babanmu don in ga inda mai maganar yake zaune, in sha duka, gobe in sake. Don haka na jawo mata kujera na ce ta yi mini dalla-dalla.

Ashe rukuni uku ne. Akwai na wanda ba shi da aure. Akwai na mai aure wanda abokin zamansa yake aiki, kowa da harajinsa. Sai na mai aure wanda abokin zamansa ba ya samun komai, shi ne ake yi wa rangwame, kuma idan lokacin cika takardar shekara ya zo, shi zai nuna cewa gidan a wuyansa yake. Abin ya burge ni. Gwamnati ce zaune a ofis tana son ta san wa yake ciyar da wa a gidan mutane.

"To, mijinki yana aiki?" ta tambaya, biro a hannu.

"Sai na tambaye shi," na ce.

Sunan maigidana Tajuddeen. Na faɗa sau ɗaya don ku sani, daga nan kuma Abban Khaulah za ku riƙa ji, don ban taɓa kama sunansa a gabansa ba. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Kano, shekara da shekaru. Da na samu aikin nan, ajiye nasa ya yi ya biyo ni da 'yarmu Khaulah, 'yan'uwansa suna ta surutu ya toshe kunne. Takardar zaman da aka ba shi ta mai bin iyali ce, ba ta yarda ya yi aikin ko sisi ba. Ya san da haka tun kafin mu taso. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini muna ɗaure kaya.

"Haya da kuɗin makarantar yarinya ki biya, tunda haka tsarin ya zo," ya ce. "Amma cefane nawa ne. Ranar da na kasa sa abu a tukunyar gidana, ranar zan koma Kano."

Ba mutum ne mai maimaita magana ba, kuma ban taɓa ganin ya faɗi abu ya fasa ba. Wannan maganar ita ce take kwana da ni take tashi da ni, domin ni ban zo ƙasar nan don in zauna babu shi ba.

Abin mamakin kuma, bai taɓa gazawa ba. Kullum da safe zai yi wanka, ya sa kaftani mai guga, ya kafa hula, ya raka Khaulah makaranta, daga nan ya hau jirgin ƙasa a tashar Taman Melati. Bayan la'asar ya dawo da leda a hannu: yau kifi, gobe kaza, jibi alayyafo da attaruhu. Ina yake wuni? Ina yake samun kuɗin? Na taɓa tambaya sau ɗaya, ya ce, "Na ɗan zaga gari." Ban ƙara ba, amma abin yana nan yana sosa ni.

Kak Zaiton ta rufe bironta.

"Ki je ki tambaye shi, boleh, ba damuwa. Amma ki kawo mini gaskiya. Idan yana aiki da irin wannan takardar, ba haraji ne matsalarku ba, 'yan shige da fice ne. Ku ukun za su sa a jirgi."

Da yamma na same shi a falo yana koya wa Khaulah rabawa. Shi yana yi mata Hausa, ita tana amsa masa da Turanci, in ta ƙosa ta ce "Tak tahu lah, Abba," wato ba ta sani ba. Na jira ta shiga ɗaki, sannan na zayyana masa rukunan nan uku kamar yadda aka zayyana mini, ina ta ƙoƙarin mai da abin hira.

Bai ɗago daga littafin yarinyar ba. "Ki rubuta ina aiki."

"Wane aiki, Abban Khaulah?"

"Ba ki ganin ina fita?"

"Ina gani. Su ne ba sa gani. Sai an rubuta musu inda ake zuwa."

"To ki bar wurin babu komai."

"Ba a bari."

Ya rufe littafin a hankali. "Sharifa, ba za a rubuta a takardar gwamnati cewa ni zaman banza nake yi a ƙarƙashin matata ba." Ya tashi ya yi alwala, alhali magariba da saura.

Washegari na kai ƙarata wurin Mabel, 'yar Kafanchan da ke koyar da aikin jinya a ofishin da ke kusa da nawa. A unguwar Sentul take zaune da mijinta Noah, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke bakinta.

"Haba Dokta, just tick the thing ki huta mana," ta ce, tana buɗe shinkafar da ta sayo a ƙunshe. "Noah shekara guda yana gida yana goyon yara, na tick not working, ko a jikinsa. Har shi ya tuna mini."

"Naki Noah ne. Nawa Bakano ne."

"To me kike tsoro? Kina ganin yana wani aiki a ɓoye, abi mace ce?"

Na harare ta. Maganar mace ko kusa ba ta zo mini ba, na san mijina. Amma ta farkon ta tsaya mini a wuya.

"Ki bi shi ki gani," in ji Mabel, cokali a baki. "Ke da komai sai kin kwance. Kwance wannan ma."

Ranar Laraba ba ni da aji da safe. Na sa doguwar riga irin ta matan Malay, na ɗaura takunkumi a fuska, na bar shi ya shiga taragon gaba ni na shiga na baya. Ni Sharifa, da digirina uku, ina laɓewa a bayan wani ƙato mai jakar goyo don kada mijina ya gan ni. Kunya ta kama ni, amma son sani ya fi ta ƙarfi.

A tashar Masjid Jamek ya sauka. Ya bi titin da ake kira Jalan Masjid India, ya wuce masu turare da masu awarwaro, ya karya wani lungu da ke cike da shagunan yadi. Tafiyar wanda ya san inda za shi yake yi. Ya shiga wani ɗan shago mai tsohon allo. Ni kuma na maƙale a rumfar wata mai sayar da mayafai da ke fuskantarsa, na shiga tsakanin kayan da ta rataye ina leƙe.

Mai shagon wani tsoho ne Ba'indiye Musulmi, farin gemu, da tabarau a kan hanci. Ya yi wa Abban Khaulah maraba da hannu biyu. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, yanzu zai zagaya bayan kanta ya kama aiki. Bai zagaya ba. Wata 'yar kujera ya jawo a ɓangaren masu saye, ya zauna, ya tura tafukansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa.

Na daɗe a tsaye. Wasu mata biyu Hausawa suka shigo neman yadin abaya da za su kai gida, Turancinsu bai taka kara ya karya ba. Daga inda yake zaune ya yi musu tafinta, ya nuna musu da haɓa wanda ba ya zuba. Tsohon ya shimfiɗa yadin a kan ma'aunin da ke jikin kanta, hannunsa yana rawa, almakashin ya fara karkacewa. Na ga kafaɗun mijina sun motsa. Ya kamata ku san cewa a shagon mahaifinsa na Kantin Kwari ya tashi, ya iya yanka yadi kafin ya iya rubuta sunansa. Tsohon ya tura masa almakashin a kan kanta, yana roƙonsa da ido. Abban Khaulah ya girgiza kai. Hannuwansa ba su fito daga ƙarƙashin cinyoyinsa ba har aka gama yankan, a karkace.

Da matan suka fita, tsohon ya buɗe aljihun tebur ya miƙo masa takardar kuɗi. Ya sake girgiza kai. Shayi kawai ya karɓa, irin mai kumfar nan da suke ja daga kofi zuwa kofi.

"Kak, saye za ki yi ko kuwa?" mai mayafan ta tambaye ni, ta gaji da ni. Na sayi wani mayafi ruwan hoda da har yau ban taɓa yafawa ba.

Hankalina ya ɗan kwanta, ba aiki yake yi ba. Saura kuɗin cefane. Ban daɗe ina jira ba sai ga Al-Amin, wani ɗalibi ɗan Katsina da ke karatun digiri na uku, maƙwabcinmu a Taman Melati. Suka gaisa, suka fito bakin shagon, dab da inda nake. Abban Khaulah ya zaro wani abu naɗe a jarida daga jakarsa. Hula ce, zanna bukar, mai ruwan ƙasa da ratsin shuɗi. Na gane ta tun kafin ya gama warware ta, domin ita ya sa ranar sunan Khaulah.

"Kai, Malam, wannan ai original ce," in ji Al-Amin, yana gwada ta a madubin wayarsa. "Wallahi ta Abdurrahim da ka sayar masa last month ba ta kai ta ba. Akwai saura?"

"Sai dai nan gaba," ya amsa.

Al-Amin ya danƙa masa kuɗi a dunƙule. Mijina ya sa a aljihu bai duba ba, ya yi wa tsohon sallama, ya nufi hanyar kasuwar kayan miya.

Da akwati guda na huluna ya zo ƙasar nan. Har tsiya na yi masa a filin jirgi, na ce kai ɗaya gare shi ko goma. Ashe watannin nan hulunansa muke ci ni da 'yata, ina santi ina cewa kifin ƙasar nan akwai daɗi. Na tsaya a cikin mayafan mutane hawaye yana jiƙa mini takunkumi. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanda ya fi.

Na tsallaka na shiga shagon. Tsohon ya ce sunansa Haji Sikkandar. Na tambaye shi mutumin da ya fita yanzu, ko yaronsa ne.

"Cikgu?" ya ce, haka suke kiran malamin makaranta. Ya yi dariya. "Ina ma. Wata da watanni ina roƙonsa. Mutumin nan da ido yake auna yadi. Ya ce idan ya taɓa almakashina, aikin matarsa zai taɓa. Dokta ce, kin sani, babbar malama. Kullum sai ya gaya mini, kamar na manta."

"To me yake zuwa yi?"

"Ya ce a garinsu namiji ba ya wuni a gida. Na ce to ga kujera."

Da na koma gida na jawo akwatin daga saman kabad. Hula ɗaya ce ta rage a ciki, fara ƙal, ta ranar ɗaurin aurenmu. Sai kuma wadda take kansa. Ba sai malamin lissafi ya gaya mini abin da ya rage mana ba.

Ranar Alhamis na riga Kak Zaiton zuwa ofishinta.

"Rangwamen nan na rukuni na uku," na ce, "saboda me ake bayarwa?"

"Saboda mijin mana. Gwamnati ta san akwai mutum a gidan, sai ta bar muku wani abu dominsa."

"Dominsa? Da sunansa?"

"Sai na sa sunansa da lambar fasfonsa, in ba haka ba na'urar ba za ta karɓa ba."

"Idan babu shi fa?"

"Babu rangwame."

Na ce ta nuna mini abin da zai riƙa ragowa a wata. Ta danna na'urar lissafi ta juyo mini da ita. Dariya ta kuɓuce mini. Ko kaji huɗu ba zai saya ba. Amma na fito daga ofishin da sauƙi a ƙirjina, don na samu bakin zaren.

Na bari sai ranar Asabar da hantsi, Khaulah ta tafi gidan ƙawarta. Na kawo masa shayi na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, abin da na daɗe ban yi ba. Ya dube ni da alamar tambaya.

"Na je Masjid India ranar Laraba," na ce. "Na ga Haji Sikkandar. Na ga Al-Amin."

Ya ajiye kofin. Idanunsa suka yi ja, jijiyar goshinsa ta tashi.

"Bin sawuna kika yi."

"Na bi. Ka yi haƙuri. Ka san halina."

"Na san halinki," ya ce, ba da wasa ba. "To kin gani. Saura ɗaya. Ita ba zan sayar ba. Na riga na fara duba kuɗin jirgi."

Dama na san maganar tana zuwa. Na daure, don idan na yi kuka a lokacin, na san tashi zai yi.

"Kafin ka duba jirgi, ka ji abin da na gano," na ce. "Akwai kuɗinka a hannun gwamnatin ƙasar nan. Kowane wata suna yanka daga albashina, kuma sun ce idan akwai miji a gidan, wani kaso nasa ne, za su bari. Ba don ni ba, ba don Khaulah ba. Da sunanka da lambar fasfonka yake fita. Idan na rubuta kana aiki, na yi ƙarya, su kuma su cinye. Idan ka koma Kano, nan ma su cinye. Ni ban ga dalilin da za mu bar musu haƙƙinka ba."

"Kuma sai an rubuta ba na aiki."

"Sai an rubuta ba ka karɓar albashi. Ai ba ka karɓa. Na gani da idona, har almakashi aka tura maka."

Ya kau da kai wajen taga. Jirgin ƙasa ya wuce ta saman gadarsa, muka jira ƙararsa ta lafa.

"Nawa ne?" ya tambaya.

"Ban iya lissafinsu ba," na ce. "Ka san ni da lissafi."

Ya juyo ya dube ni. Ni da nake koya wa ɗalibai auna maganin jarirai, inda kuskuren ɗigo ɗaya kan yi kisa. Shi ya yi mini bitar lissafin da na ci jarrabawar digirina na biyu da shi. Na riƙe idonsa ban ƙifta ba.

"Fasfon yana cikin aljihun akwatin," ya ce daga ƙarshe. Ya ɗauki shayinsa da ya riga ya huce ya shanye.

Ranar Litinin Kak Zaiton ta sa ni a rukunin mai aure wanda abokin zamansa ba ya samun komai. Ta karanta sunansa da ƙarfi tana bugawa, ta tambaye ni ko ta faɗa daidai. Na gyaɗa kai kawai.

Da albashi ya shigo ƙarshen wata, na jira safiya ya shiga wanka. Kaftaninsa yana rataye a bayan ƙofa, da guga, hular tana kan ƙusa. Na zura kuɗin cefanen wata guda cur a aljihun gefe, har da na naman da Khaulah take so, na koma kicin na kama wanke kofunan da na riga na wanke.

Na ji fitowarsa. Na ji ƙarar yadi yana sa riga. Daga nan sai shiru, irin shirun mutumin da ya sa hannu a aljihu ya tsaya. Na san yana ƙirgawa da yatsu ba tare da ya fito da su ba, kuma na san ya daɗe da binciko ainihin abin da rangwamen yake kamawa, don ba ya barin lamba ta wuce shi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba. Ruwa yana ta zuba a kan hannuna ban juya ba.

"Sharifa."

"Na'am."

"Rangwamen nan nasu," ya ce daga bakin ƙofar kicin, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ashe da auki."

"Haka na gani ni ma."

Sannan na ji ya ɗauki jakarsa, ya kira Khaulah ta sa takalmi kada su makara.

"Me za a sayo yau?"

"Kifi," na ce. "Da attaruhu, na jiya ya ƙare."

Sai da ƙofa ta rufe na kashe famfo. Na leƙa ta taga na hango su a ƙasa, yana riƙe da hannunta, ya kafa hularsa, suna sauri wajen makaranta.